Amsar Baffa kan gyaran kaset ɗin marigayi Malam

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka. Ka ce ka kwashe kaset-kaset ɗin kakanka, Allah ya jiƙansa, ka zuba a kwamfuta, da na karatun zaure da na bikin gwaggonka, kana tambaya ko al'ada ta yarda a taɓa muryar wanda ya rasu, da kuma manhajar da ta dace. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka sa hannu.

Abin da muka taso muka tarar shi ne, in babba ya ba ka saƙo, ba ka ƙari, ba ka ragi. Muryar da ke cikin kaset ɗin nan saƙo ce, amana ce a hannunka. Kaɗe ƙurar allo daban, wanke rubutun daban. Shuuu ɗin da kaset ke yi da gurnanin wutar lantarki ƙura ne, cire su. Amma tarin Malam, da gyaran muryarsa, da shirun da yakan yi kafin ya fassara, da na'am ɗin almajirai, duk ka bar su. Kada ka kuskura ka yanke aya a tsakiya, ko ka raba ta da fassararta don fayil ya gajarta.

Shi ya sa zan ce ka ɗauki Audacity. Kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita, tana aiki a Windows da Mac da Linux, sai dai ba ta waya ba ce. Dalilina ba arha ba ne, ita ba ta yin komai sai abin da ka sa ta. Za ka nemi wurin da Malam ya yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku, ka nuna mata cewa wannan ce hayaniyar, sai ta bi sauran tana rage irinta. Ka yi a hankali, kana saurare da abin kunne. In ka matsa, shuuu zai tafi, amma muryar za ta dusashe ta riƙa ƙarar ƙarfe, gara a bar ɗan ƙara a ji mutumin. Gurnanin kuwa yana zama a kan hertz 50, wato kaɗawa sau hamsin a daƙiƙa, domin a haka wutarmu take juyawa, kuma akwai matacin da ke tsame shi shi kaɗai.

Adobe Audition tana da kyau, amma biya ake duk wata, da dala. Reaper lasisinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, bayan gwajin kwana 60. Na masu situdiyo ne, aikinka bai kai nan ba.

Waɗanda nake tsoro su ne sababbin nan masu ƙirƙirarriyar basira, da ake loda musu murya a intanet ta fito tas cikin minti ɗaya. Ba sharewa kawai suke yi ba, sake gina muryar suke da hasashe. Inda kaset ya cinye harafi, sai su cike da abin da suka ga dama, ka ji Malam ya faɗi abin da bai faɗa ba, a karatun addini kuwa wannan ba wasa ba ne. An kuma tsara su ne don magana zalla, saboda haka guɗa da tafi da kalangun bikin za su iya tafiya da sunan hayaniya.

Kafin komai, ajiye na asali a WAV, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, wuri biyu, kada ka taɓa shi. Kan kwafi za ka yi gyara, MP3 kuma, da ke matse fayil ya ƙanƙance, sai na rabawa. Su kansu kaset ɗin ka ɓalle 'yan haƙoran da ke samansu, kada wani ya yi ɗauka a kai.

Na bikin kuma ba ni ke da izininsa ba. Mata ne a cikin gida suna waƙa da barkwancinsu, ba don kunnen waje suka yi ba, wasunsu ma sun rigaye mu. Ka je da kanka wurin gwaggonka, ka riƙe mata ɗan goro, ka kunna mata ta ji daga farko har ƙarshe. Abin da ta ce a rufe, kada ya shiga ko zauren WhatsApp na dangi, balle Facebook. Na karatun in ka gama na farko ka turo mini kafin kowa. Ka gaida mahaifiyarka.