Amsa: Kwamfutar ofis ta hana ni saka manhaja, tana nuna lamba 1625

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son saka manhajar gyaran PDF a kwamfutar da aka ba ka a wurin aiki, sai ta ce mai kula da na'ura ya kafa dokar da ta hana, ga lamba 1625, kuma wani ya ba ka shawarar ka shiga rajistar Windows (ma'ajiyar saitunan kwamfuta) ka goge DisableMSI, wato saitin da ke hana saka manhaja. Don Allah ka dakata tukuna.

Na daɗe ina kula da kwamfutoci a wata ma'aikata, wannan kukan kuwa na sha jin sa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Lamba 1625 Windows Installer ne, wato sashen Windows mai saka manhajoji, ke gaya maka an ɗaure masa hannu da gangan. Da 1603 ka gani, da sai mu ce aikin ne ya karye a hanya, mu shiga bincike. Wannan hanin daga Group Policy yake zuwa, wato dokokin da sabar ofis ke aiko wa duk kwamfutar da ke ƙarƙashinta. Rajistar da aka ce ka taɓa, ba za ta ma bar ka ka canza komai a wurin ba sai da iznin admin, wato mai kula da na'ura. Ko ka samu hanyar, kwamfutar na tuntuɓar sabar kusan duk minti 90, da zarar an sabunta dokokin abin zai dawo, ga sawunka a rubuce.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da mutane ke ɗauka bayan nan. Akwai wani abokin aikinmu, mutumin kirki, aiki ne ya matsa masa, ya je kasuwa aka zuba masa manhajar sata a filashi. Ƙwayar cutar da ke ciki ta bi ta babban fayil ɗin da sashensu ke tarayya a kai. Kwana uku muna dawo da takardun mutane, shi kuma ya amsa takardar tuhuma. Har yau abin na min ciwo, domin manhajar da yake nema muna da lasisinta, bai tambaya ba ne kawai.

To, fara duba wannan: danna Start ka rubuta Company Portal ko Software Center. Ma'aikatu da yawa a nan suke ajiye manhajojin da suka amince da su, kuma suna sauka ba tare da kalmar sirrin admin ba. Idan gyaran naka bai wuce cike fom ko ja wa rubutu layi ba, Microsoft Edge ma yana yi.

In babu, ka rubuta wa sashen IT, amma kada ka ce "ta ƙi yi" kawai. Ka haɗa hoton saƙon, sunan manhajar, shafin da ka sauko da ita, da aikin da za ka yi da ita, ka sa ogan sashenka a kwafi. Idan Event Viewer (kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru) na buɗe maka, leƙa ƙarƙashin AppLocker, wato mai tare manhajojin da ba a amince da su ba: 8004 na nufin an tare fayil mai ƙarewa da .exe, 8007 kuma mai ƙarewa da .msi. Wanda ya zo mana da wannan lambar, a ranar muke biya masa buƙata, domin mun san dokar da za mu sassauta.

Idan sun amsa maka da wata lamba daban, turo ta nan mu duba tare.