Tambaya da Amsa: Marubuciya Tana Son Halartar Taron Masoya Labaran Kimiyya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni marubuciya ce, ina zaune a Zariya, kuma na fitar da littattafai biyu na Hausa waɗanda labarinsu ya shafi aljanu da tafiya sararin samaniya. Na ji ana maganar wani babban taro mai suna Worldcon, inda marubutan ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi suke haɗuwa da masu karatunsu. Ina so a bayyana mini, shin gayyatar marubuci ake yi ko shi ke kai kansa? Kuma idan na tara kuɗi na tafi da kwalin littattafaina, zan iya yin cinikin da zai mayar mini da kuɗin jirgi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce mai gajeriyar amsa: da wuya ƙwarai ki mayar da kuɗin jirgi daga cinikin littafi a wannan taro, kuma wannan bai shafi ingancin rubutunki ba, domin mafi yawan marubutan da ke rubutu da Turanci ma ba su mayarwa.

Dalili kuwa yana cikin asalin taron. Worldcon taron masu karatu ne, su suka ƙirƙire shi, kuma har yau su ke gudanar da shi a matsayin 'yan sa-kai da ba a biyansu albashi. An fara yin sa a birnin New York na Amurka a 1939 da mutane kimanin 200, yaƙin duniya na biyu ya dakatar da shi daga 1942 zuwa 1945, sannan ya ci gaba duk shekara, galibi a watan Agusta ko farkon Satumba. Ba shi da mazauni ɗaya, domin mambobi ne ke jefa ƙuri'a shekara biyu kafin lokaci su zaɓi garin da zai karɓi baƙunci, shi ya sa aka yi shi a Yokohama ta Japan a 2007, da Helsinki a 2017, da Dublin a 2019, da Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, da Glasgow a 2024, da Seattle a 2025. A duk tsawon wannan lokaci ba a yi shi a nahiyar Afirka ba.

Saboda haka ki cire hoton bikin ƙaddamar da littafi irin namu daga ranki, inda babban mai ƙaddamarwa zai miƙe ya sayi kwafi ɗaya a kan makudan kuɗi, sauran manyan baƙi su bi sahu. A can marubuci mamba ne kamar kowa: zai biya kuɗin rajista, ya biya masauki, ya rataya katin sunansa a wuya, ya shiga layi tare da masu karatunsa. Waɗanda taron ke ɗaukar nauyinsu 'yan kaɗan ne da ake kira baƙin girmamawa, kuma yawanci mutane ne da suka shafe shekaru masu yawa suna aiki a fagen. A taron Glasgow na 2024, ɗaya daga cikinsu ita ce Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya 'yar asalin Najeriya, wadda ta ci kyautar Hugo, wato kyautar da ake bayarwa a wannan taro, a 2016.

Abin da ya fi amfani ga marubuci shi ne ya shiga cikin jadawalin shirye-shirye, kuma a nan ne nake so ki mai da hankali. Watanni da dama kafin taron, masu tsara jadawali sukan buɗe wani fom a shafinsu na intanet ga duk mai son yin magana, inda mutum zai bayyana ko shi wane ne da kuma batutuwan da ya sani. Wanda aka ɗauka sai a sanya shi a zaman tattaunawa: mutum huɗu ko biyar a kan teburi, kowa da sunansa a rubuce a gabansa, da mai jagorantar zama, a yi kamar awa ɗaya ana musayar ra'ayi a kan batu guda, sannan a ba jama'a damar tambaya. Ban da wannan akwai lokacin da marubuci ke karanta wani yanki na aikinsa, da lokacin sa hannu a littafi, da kuma wani ɗan ƙaramin zama na shan shayi ko kofi inda mutum kamar goma da suka rubuta sunansu tun da wuri za su kewaye marubuci ɗaya su yi hira da shi. Sabon marubuci ya shirya wa lokacin sa hannun nan da haƙuri, domin yana iya zama da alƙalaminsa a hannu babu kowa a gabansa, alhali layin maƙwabcinsa ya kai bakin ƙofa.

A ganina, ke kina da abin da masu tsara jadawali ba su cika samu ba. Zauren da ya saba jin labarin dodanni da mayun Turai bai san iskokin bori ba, bai san Gizo da Ƙoƙi ba, kuma ƙalilan ne a cikinsa za su san cewa tun a 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, labarin da ya kai yaro sararin samaniya. Idan kika rubuta a fom ɗin cewa za ki iya bayani a kan yadda marubutan Hausa ke sarrafa aljani a labari alhali masu karatunsu sun yarda da samuwarsa, kin kawo batun da zai iya cika zaure. Sai dai tattaunawar da Turanci ake yi a mafi yawan lokuta, don haka ki auna ƙarfinki a nan tun daga gida.

Game da kwalin littattafai, akwai zauren 'yan kasuwa inda ake hayar teburi, amma littafin Hausa ba zai sami masu saye da yawa a Glasgow ko Seattle ba, ga kuma kuɗin awon kaya a jirgi. Abin da na fi ba ki shawara shi ne ki ɗauki kwafi kaɗan na nunawa, ki sa ƙwararren mai fassara ya juya miki babi ɗaya ko gajeren labari ɗaya zuwa Turanci, sannan ki buga ɗan kati mai ɗauke da sunanki da inda za a karanta aikinki. Editoci da wakilan marubuta suna halarta, amma ba a son a tare su a hanya a danƙa musu rubutu. Ana gaisawa, a yi hira, a aika daga baya idan sun nema. Kuma gaskiya ita ce yawancin irin wannan hira da dare ake yin ta a mashayar otal, wurin da ba kowa ne zai so zama ba. Wanda bai so ba bai yi asarar komai ba idan ya yi amfani da zaman rana da teburin karin kumallo.

Sai maganar biza, wadda ita ce ta fi hana marubutan Afirka zuwa. Ki nema da wuri, ki roƙi masu shirya taron takardar da ke tabbatar da cewa kina cikin jadawali, kuma kada ki sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Akwai wani asusu mai suna Con or Bust da ke tallafa wa waɗanda ba Turawa ba su halarci irin waɗannan taruka, yana da kyau ki duba sharuɗɗansa. Kafin nan, bikin littattafai na Ake, wanda aka fara a Abeokuta, ya fi kusa da ke, kuma a can ne aka fara miƙa kyautar Nommo ta marubutan irin waɗannan labarai na Afirka a 2017.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Shin littafin da aka rubuta da Hausa zai iya cin kyautar Hugo da ake bayarwa a wannan taro?

AMSA: A ƙa'ida zai iya, ɗan'uwa, domin dokar kyautar ba ta ware wani harshe ba. An fara bayar da ita a 1953, an sa mata sunan Hugo Gernsback wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, kuma kofinta siffar roka gare shi. Babu kwamitin alƙalai. Mambobin taron ne ke gabatar da sunayen ayyuka sannan su yi zaɓe, kuma akwai rajista mai rahusa da ke ba mutum damar jefa ƙuri'a ko da bai bar garinsu ba. Rukunan labari ana raba su ne da yawan kalmomi: abin da bai kai 7,500 ba gajeren labari ne, abin da ya kai 40,000 kuwa cikakken littafi ne, da rukuni biyu a tsakani.

Matsalar ita ce mai zaɓe ba ya zaɓar abin da bai karanta ba, kuma akasarin masu zaɓen da Turanci suke karatu. Shi ya sa dokar ta ba aikin da aka fara wallafawa da wani harshe dama ta biyu a shekarar da fassararsa ta Turanci ta fito. Ta wannan hanya ce littafin marubucin ƙasar Sin, Liu Cixin, wanda aka fara bugawa a wata mujalla a 2006, ya ci kyautar a 2015 bayan Ken Liu ya fassara shi, kuma shi ne fassararren littafi na farko da ya ci rukunin cikakken littafi.