Amsa ga uwar yarinya mai sikila da karatunta ya ja baya

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki sai da na kife wayar. Kin ce 'yarki mai sikila ta faɗo daga ta uku zuwa kusan ta ƙarshe a aji, wai ko ki cire ta ta huta. Don Allah kar ki cire ta. Nawa yaron haka ya yi a aji huɗu.

Wata safiya cikin hunturu ya makara, don ƙafa ta hana shi barci. Malamin ya sa shi durƙuso a kan siminti, ya tuɓe masa rigar sanyi wai ba ta cikin yunifom, yana cewa "kullum ciwo, kullum ciwo, lalaci ne kawai." Yaron bai faɗa min ba. Sai tsakar dare na ji ihu, idonsa ya yi ɗorawa, ko zani ya taɓa ƙafar sai ya ƙwalla ƙara. Kwananmu tara a asibiti, leda biyu ta jini. Muka dawo an gama jarrabawa, aka jera masa sifiri. Da na je, ko sannu mutumin nan bai ce ba, wai shi bai sani ba. Ni da na sanar da shi tun farkon zango! Na bar shi da Allah.

Ki karɓo takarda daga likita ki miƙa wa shugaban makaranta hannu da hannu. A bar ta da gorar ruwa a aji, kuma kar a hana ta fita fitsari. Safa, hula, gidan sauro. Folik asid da Paludrine, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kar su yanke, ki tambayi likita batun hydroxyurea, maganin rage tashin ciwon sikila, tun da aka ɗora nawa a kai kwanciyarmu ta ragu. Sannan ki nemi hoton jijiyoyin kai, TCD, ana yi a asibitin Malam Aminu Kano. Sikila kan taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye, yaro ya riƙa mantuwa a ce daƙiƙi ne.

Dangin miji kuwa, toshe kunne. Ni aka ce na kawo musu ciwo, alhali ɗansu ma AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa. Gara da Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024.

Ki samu wata ƙawarta mai kyan rubutu ta riƙa ara mata littafi duk ranar da ta yi fashi. Allah Ya ba ta lafiya.