Kotu ta soke ƙarar mai gida: shin ɗan haya ya ci shari'a?

Tambaya: Ina haya a Kubwa, Abuja, shekara-shekara nake biya. Mai gida ya ba ni notis na wata uku, ya maka ni kotu, daga baya shi da lauyansa suka daina zuwa, alƙali ya soke ƙarar. Tunda na ci shari'a, zan iya riƙe kuɗin haya har sai ya gyara rufin da ke yoyo? Yanzu yana barazanar cire mini ƙofa.

Amsa: Malam, bisa abin da ka bayyana, ba ka ci shari'a ba. Alƙali bai saurari shaida ba, bai kuma ce kai ke da gaskiya ba. Ya cire ƙarar daga jerin shari'o'insa ne kawai, saboda mai ƙara ya yi watsi da ita. Irin wannan sokewa a mafi yawan lokuta ba ta rufe ƙofa. Mai gida na iya neman a dawo da ƙarar idan ya kawo uzurin da kotu ta gamsu da shi, ko ya shigar da sabuwa. Da a ce an saurari ɓangarorin biyu ne aka kori ƙarar, da sai dai ya ɗaukaka ƙara. Saboda haka kada ka tsaya kan abin da kunnenka ya ji a zauren kotu. Je wurin rijistara ka karɓi kwafin umarnin mai ɗauke da hatimi, ka kai wa lauya ya ga ainihin abin da aka rubuta.

Kada kuma ka sa rai lokaci zai ƙure masa. Bashin haya a Abuja ana iya binsa har shekara 6. A 2018 ma, a shari'ar Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta nuna cewa lokacin da ƙara ta shafe a gaban kotu kafin a soke ta ba ya shiga lissafin wa'adi.

A batun notis kana da abin riƙewa, amma ba kamar yadda kake zato ba. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi mako guda ga mai biyan mako, wata guda ga mai biyan wata, wata 3 ga mai biya duk wata uku, wata 6 ga mai biyan shekara. Idan wannan ya cika, sai a ƙara notis na kwana 7 kafin a nufi kotu. To, wata uku ya gaza ga ɗan hayar shekara, sai fa idan yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ambaci wa'adi na daban, domin a nan ita za a bi. Idan kuma hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, ta riga ta ƙare, mai yiwuwa kwana 7 ɗin kaɗai ake binsa. Ban da haka, a 2021 Kotun Ƙoli ta yi magana a shari'ar Pillars da Desbordes da ke nuna cewa shigar da ƙara kanta na iya cike giɓin notis mai aibi. Lauyoyi na muhawara kan iyakar wannan magana har yanzu, amma ni ba zan ɗora zaman iyalinka a kan kuskuren takarda ba.

Riƙe kuɗin haya kuwa shi ne abin da ya fi damuna. Yoyon rufi ba ya sauke maka nauyin biya, kuma kowane watan da ka zauna ana iya lissafa maka shi. Ka rubuta masa wasiƙa kan rufin, ka ɗauki hoton silin da ya jiƙe, ka adana. Ka biya ta banki don a samu shaida. In ya ƙi karɓa, ajiye kuɗin gefe, kada ka taɓa.

Shi kuma mai gidan, wanda ya kasa zuwa kotun da shi ya kai ka, ba shi da hurumin cire ƙofa, ko kware rufi, ko fitar da kayanka waje. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke tayar da ɗan haya, su ma sai da umarnin alƙali. In ya aikata, kada ka biye masa da faɗa. Ɗauki hoto, samo shaidu, kai rahoto ga 'yan sanda, kana kuma iya neman diyya.

Shawarata ita ce ku zauna. Babbar Kotun Abuja tana da cibiyar sulhu, ko ku sa dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa. Ka nemi wata shida na neman wani gida, a cire kuɗin gyaran rufi daga haya idan ya yarda, a rubuta ranar tashi, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Ka je da yarjejeniyar hayar da rasit ɗinka duka.