Sabar haya mai ƙaruwa da kanta: amsa ga wani ɗan kasuwar Dole

Wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya. Shafinsa na intanet, inda masu saye daga Yamai da Maraɗi da Agadas ke zaɓen kaya, yakan tsaya cak a makon sallah, kuma matashin da ke kula masa da shafin ya ba shi shawarar komawa kan sabar haya mai ƙaruwa da kanta (sabar ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet), a kuma rubuta dukkan tsarin a cikin fayil. Yana so ya san ko kuɗin da zai zuba za su fito.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abubuwa biyu yaron ya haɗa maka a baki ɗaya, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko ka riga ka san shi a aikace. Ranar Alhamis, idan kasuwa ta cika, kakan ƙara ƴan dako, da yamma ka sallame su, ba ka biyansu sauran kwanakin mako. Haka kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ke bayar da hayar kwamfutocinsu: ana faɗa musu mafi ƙarancin sabar da za ta kasance a kunne da mafi yawan da aka yarda a kai, sai na'ura ta riƙa ƙarawa idan masu shiga sun yi yawa, ta rage idan sun watse. Amazon ya fara wannan hidima a 2009, kuma tun 2017 yake lissafin hayar sabar mai aiki da manhajar Linux da daƙiƙa. Sai dai na'ura ba ta bambance mai saye da ɗan ɓarnar da ya turo wa shafinka cunkoson ƙarya, duk za ta buɗe musu sabar a kan aljihunka. Saboda haka kada a kunna komai sai an kafa iyaka, misali daga sabar 2 zuwa 6, an kuma saita gargaɗin da zai shigo wayarka idan kashewa ta kai adadin da ka yanke. Gargaɗin sanarwa ce kawai, iyakar ita ce ke tsayar da kashewa.

Ka kuma duba kuɗin da za a caje ka da shi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655,957 (wato kusan sefa 656) kowane yuro ɗaya, don haka mai haya a wurin kamfanin da ke karɓar yuro, kamar OVHcloud na Faransa, ya san lissafinsa tun farkon wata, alhali farashin Amazon da dalar Amurka aka yanka shi, ita kuwa hawa da sauka take yi.

Kafin duk wannan, a gano abin da ke kayar da shafin. Sau da yawa laifin na manyan hotunan atamfa ne da ba a rage musu nauyi ba, ko na rumbun bayanai, wato ma'ajiyar bayanan kaya da na masu saye, wanda ƙarin sabar ba ya sauƙaƙa masa, sai ma ya ƙara masa kaya. Idan cunkoson na sallah biyu ne kaɗai a shekara, wataƙila sabar guda mai ƙarfi da za a ɗauka na makonni biyu ta wadatar, kuma a ganina yawancin ƴan kasuwarmu a nan suke.

Na biyun, wato rubuta tsarin a fayil, shi ne nake cewa ka biya ba tare da ciniki mai tsawo ba. Da manhaja irin Terraform, wadda ta fito a 2014, ko OpenTofu da aka cire daga jikinta a 2023, ko CloudFormation ta Amazon, ana rubuta yawan sabar da girmansu da ƙofofin da aka buɗe da iyakar ƙaruwa, ta yadda umarni ɗaya zai sake gina komai. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin sabar OVHcloud a Strasbourg, kuma a irin wannan rana mai rubutaccen tsari da kwafin bayanansa a wani wuri daban shi ne ke tashi da wuri. Ka lura, fayil ɗin gini yake maidowa, ba ya maido da sunayen masu saye da odarsu, wannan sai an yi musu ajiya ta dabam. Amma ni abin da ya fi damuna ya fi gobara kusa: matashin nan zai iya samun aiki a Yamai ko Kano gobe, kuma idan tsarin a kansa kaɗai yake, da shi zai tafi.

Don haka ka sa a yarjejeniya cewa asusun hayar da sunanka da imel ɗinka za a buɗe shi, ma'ajiyar fayilolin taka ce, kuma ba za a rubuta kalmar sirri a cikinsu ba. Ka riƙe kashin ƙarshe na ladansa har sai ya rushe tsarin gwaji a gabanka ya sake tayar da shi daga fayil ɗin, kuma a yi wannan kafin azumi ya kama.