Ta Yaya Ake Gane Fayil ɗin da Windows Ba Za Ta Tashi Ba Sai da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ma'ajiyar laftof ɗina giga 128 ce, kuma ta kusa cika. Na bayyana ɓoyayyun fayiloli, sai na tarar da pagefile.sys da hiberfil.sys da wata folda mai suna WinSxS sun cinye wuri sosai. Ta yaya zan bambance wanda ya zama dole ga Windows da wanda zan iya gogewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Madalla da ka yi tambaya kafin ka taɓa komai.

Ka fara da sanin cewa alamar da Windows ke sa wa fayil, wadda ke ɓoye shi a matsayin na tsari, ba hujja ba ce. Ƙaramin fayil desktop.ini yana ɗauke da ita, amma aikinsa kawai tuna yadda folda za ta bayyana. Inda fayil yake zaune ma bai isa hujja ba. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gurɓataccen fayil na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Yana cikin System32 ne, foldar manyan fayilolin Windows, a ƙarƙashin foldar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta, kuma maganin da aka bayar shi ne a goge shi.

Abin da nake dubawa biyu ne: me ya dogara da wannan fayil, kuma idan ya ɓace, Windows za ta iya sake ƙirƙirar sa da kanta?

Akwai waɗanda idan babu su ko tashi kwamfutar ba za ta yi ba. Cikinsu akwai ntoskrnl.exe, zuciyar tsarin, da hal.dll da winload.efi, da direban da ke karanta ma'ajiyar kanta. Sai fayilolin rajista da ke cikin System32\config, irin su SYSTEM da SOFTWARE da SAM. Waɗannan na rajista sun fi ba ni tsoro, domin babu irinsu a wata kwamfuta. A cikinsu aka rubuta saitinka da asusunka da bayanin kayan aikin na'urarka. Hanya mai sauƙi ta gane fayilolin Windows na asali ita ce ka duba mamallakin fayil a shafin tsaro na bayanansa. Tun daga Windows Vista, yawancinsu mallakin TrustedInstaller ne, wato asusun da Windows ke amfani da shi wajen girka da sabunta fayilolinta. In ka ga wannan suna, ka ɗauke hannunka, ko da ka ga wani yana koyar da yadda ake ƙwace mallaka.

To, mu koma ga ukun da ka ambata. Pagefile.sys shi ne inda Windows ke sauke kaya idan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, ya cika. Tana iya sake gina shi, amma in ram ɗinka giga 4 ne ko 8, ka bar shi, domin ba tare da shi ba manhajoji za su riƙa mutuwa kana tsakiyar aiki. Hiberfil.sys kuwa ba dole ba ne. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, da izinin shugaba (Run as administrator), ka rubuta powercfg /h off, zai tafi da kansa. Sai dai za ka rasa dogon barcin da ke adana aikinka idan batir ya ƙare, wanda ke da amfani ƙwarai a inda wuta ba ta da tabbas, da kuma saurin tashi.

WinSxS ce ta fi yaudarar mutane. Girman da take nunawa ya wuce na gaskiya, domin fayiloli da yawa a cikinta su ne dai waɗanda ke System32, suna biyu amma jiki ɗaya a ma'ajiya. Daga cikinta Windows ke ɗauko kayan gyara da na sabuntawa. Wanda ya goge ta da hannu, sau da yawa sai ya sake ɗora Windows daga farko. In kana son rage ta, a wannan Command Prompt ɗin ka rubuta Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup, ita Windows ta san tsofaffin da ba ta buƙata.

Wurin da za ka samu da gaske yana cikin Windows.old, foldar da ke riƙe da tsohuwar Windows ɗinka, in ka sabunta kwanan nan kuma ba ka da niyyar komawa baya, da foldojin Temp da ragowar sabuntawa. Ka bar Disk Cleanup ko Storage Sense, kayan shara da ke zuwa da Windows, su share maka su. In kuma ka riga ka goge wani abu kafin ka aiko da tambayar, ka gudanar da sfc /scannow a Command Prompt ɗin, zai duba fayilolin da ke ƙarƙashin kariya ya yi ƙoƙarin maido da waɗanda suka ɓace.