An Ce Faifan Da Na Sayo Daga Guangzhou Jabu Ne Saboda Rubutun Sunan Mawaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tara faya-fayan waƙoƙin Sinanci, kuma kwanan baya na ba wani ɗan'uwana da ke sarin kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin saƙon kundin waƙoƙin Jay Chou, mawaƙin Taiwan. Da na nuna wa abokaina masu sha'awar waƙoƙinsa, sai suka ce an cuce ni, wai harafin ƙarshe na sunansa bai yi daidai da na bugun Taiwan ba, kuma a rasit an rubuta Zhou Jielun. Sun ce duk faifan da ba a yi masa rubutun gargajiya ba jabu ne. Raina ya ɓaci har na fara zargin ɗan'uwan nawa. Shin kuɗina sun salwanta ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, kuma ka janye zargin da kake yi wa ɗan'uwanka tukuna, domin babu ko ɗaya cikin hujjoji biyun nan da ke nuna jabu. Abin da aka sayo maka, bisa ga bayaninka, ya yi kama da bugun babban yankin Sin (ɓangaren da bai haɗa da Taiwan, Hong Kong da Macau ba), wanda a can ake kira yinjin ban, wato kundin da aka shigo da shi bisa lasisi aka sake bugawa a cikin gida. A Taiwan da Hong Kong ana rubuta sunan 周杰倫, a babban yankin kuma 周杰伦, saboda sauƙaƙan haruffan da gwamnatin Beijing ta fara ƙaddamarwa a 1956. Singafo da Malesiya ma sauƙaƙan suke amfani da su.

Zhou Jielun kuwa shi ne dai Jay Chou, sai dai an rubuta shi da pinyin, tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko na 1958, alhali mutanen Taiwan da yawa har yau suna rubuta sunayensu da tsohon tsarin Wade-Giles, duk da cewa hukumarsu ta karɓi pinyin a 2009. Kamar Usman ne a Kano da Ousmane a Maraɗi. Idan aka shigo da bambancin harsunan Sinawa abin ya fi haka faɗi, domin sunan zuriyar da mai Mandarin ke kira Chen, shi ne Chan a bakin mai harshen Kanton, kuma Tan a bakin mai Hokkien. Mawaƙi Andy Lau a Hong Kong Lau Tak-wah ne, a Beijing Liu Dehua. Jackie Chan da kowa ya sani a fina-finai, in ka ambace shi haka a wani shagon babban yankin ba lallai a gane ka ba sai ka ce Cheng Long. Akwai ma inda tarkon yake juyawa, domin Wong a rubutun Hong Kong yana iya zama Wang ko Huang, zuriya biyu da ba su haɗa komai ba.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da abokanka suka faɗa, cewa rubutun gargajiya shi ne shaidar asali, domin na gaji da jinta, kuma ta jawo wa mutane asarar da ta fi ta jabun kansa. Masu satar fasaha ba wawaye ba ne. Sun san cewa masu tarawa sun fi ɗaukin bugun Taiwan da na Hong Kong, kuma sun san shi ya fi tsada, saboda haka shi suke kwaikwayo, su ɗauki hoton kwalinsa da takardar waƙoƙinsa su buga yadda suke, har da rubutun gargajiyar. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ta banza zai ƙi faifai mai lasisi don ya ga sauƙaƙan haruffa, sannan ya zuba kuɗi ninki biyu ko uku a kan na bogi don ya ga haruffan gargajiya, ya dawo yana yi wa wasu gori. Dillalai kuma suna jin daɗin yaɗuwar maganar, domin ita ke sayar musu da kaya ba tare da an juya faifan an duba cikinsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu yanke wannan hukunci galibi ba su iya karanta harafi goma na Sinanci ba, hoto biyu kawai suke jerawa su ga wani lanƙwasa ya ɓace, sai su ce an kama ɓarawo. Haka suke yi idan suka ga yawan waƙoƙi ya bambanta, alhali hukumar tace kaya ta babban yankin tana cire waƙa kafin ta ba da izini. Kundin Forty Licks na mawaƙan Birtaniya Rolling Stones da waƙoƙi 36 ya fita a can maimakon 40, kuma halastaccen bugu ne. Mawaƙan Hong Kong kuma sun daɗe suna rera karin waƙa ɗaya sau biyu, da harshen Kanton don gida, da Mandarin don Taiwan, kowanne da baitinsa da sunansa daban. A ɗaya gefen, faya-fayan dakou da suka cika kasuwannin Sin a shekarun 1990, waɗanda aka tsaga bakinsu aka turo daga ƙasashen Yamma a matsayin sharar roba, na asali ne duk da munin kamanninsu.

Asalin faifai a jikinsa ake gane shi. Ka juya shi ka duba zoben tsakiya a ƙarƙashin haske mai kyau. Faya-fayan da masana'antu masu rajista suka buga daga 1994 zuwa yau yawanci suna ɗauke da lambobin shaidar masana'anta guda biyu da ake kira lambobin IFPI, ɗaya mai farawa da harafin L a kan zoben mai sheƙi, ɗaya kuma an danne ta a cikin robar kusa da ramin, ƙanƙanuwa ƙwarai har sai ka karkata faifan kafin ka gan ta. Rashinsu kaɗai bai isa hukunci ba, amma idan ka ga alamar an kankare wurin ko an ƙona shi, to da gangan aka ɓoye masana'antar. Idan bayan faifan yana ɗaukar shuɗi ko kore, kwafi ne da aka ɗura da kwamfuta. Sannan ka koma bayan kwali. Bugun babban yankin mai lasisi yana nuna sunan kamfanin ɗab'i na cikin gida, da lambar izinin shigo da kaya, da lambar rajistar waƙa (ISRC) mai farawa da CN ko lambar rajistar ɗab'i (ISBN) mai farawa da 978-7. Bakod mai farawa da 690 zuwa 699 na kamfanin da ya yi rajista a babban yankin ne, 471 na Taiwan, 489 na Hong Kong. Wannan lamba wurin rajistar kamfani kawai take nunawa, kuma ana iya kwafarta tare da kwalin, don haka amfaninta shi ne ka ga ko ta yi daidai da abin da ke zoben faifan. Kwali ya ce Taiwan, ciki kuma babu komai, nan ne ya kamata ranka ya ɓaci. Ka kuma yi hattara da akwatunan katako ko na gwangwani masu faifai uku da waƙoƙi hamsin, da ake tallatawa da sunan faifan zinare na mota, domin da yawansu ba su da lasisin kowa.

Gaskiya ne cewa wajen sake sayarwa bugun farko na Taiwan ya fi naka daraja a wurin masu tarawa, tunda can ne gidan mawaƙin kuma can kundin yake fara fita. In don sauraro ka saya, wannan bai shafe ka ba. In kuwa kana son na Taiwan nan gaba, ka rubuta wa ɗan'uwanka sunan mawaƙin da na kundin da haruffan Sinanci, ka ƙara kalmar tai ban, wato bugun Taiwan, ka kuma ce ya turo maka hoton zoben tsakiya da na bayan kwali kafin ya biya kuɗi.